Ranar da Inna ta ba ni tuwo a baki

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina buga wa mutane takardu a Filinge, ba zan manta ranar da hannuna na dama ya kasa yankar loma ba. Har gobe in na tuna sai kunya ta kama ni, don ba kowa ya jawo mini ba sai girman kaina.

A wani ɗan shago kusa da kasuwa nake aiki, na wani dattijo tsohon malamin lakkol, wato makarantar boko, da ya yi ritaya ya sayi kwamfuta ɗaya da injin fitar da takarda. Ni ce sakatariyarsa. Takardar neman aiki, takardar sayar da gona, tambayoyin jarrabawa, duk ta hannuna suke bi. Kuma gaskiya ina da sauri, ba yabon kai ba. Mutanen ƙauyukan Kurfey in sun shigo ranar kasuwa har tsayawa suke a bakin ƙofa don kawai su ji ƙarar yatsuna a kan kilabiye, allon haruffan nan. Ni kuwa sai in ƙara wuta, ina kallon gefe kamar ban san da su ba.

A shekarata ta goma sha ɗaya a aikin ciwon ya fara. Da farko wuyan hannu ne ke zugi da yamma, daga baya yatsu uku suka riƙa mutuwa, in tashi da safe kamar ba nawa ba. Likita ya lanƙwasa hannun, ya danna nan ya danna can, ya ce jijiya ce ta gaji. Ko in rage wa hannun wahala, ko in nemi wata sana'a. Wace sana'a? Ni da nake ci da yara biyu da mahaifiyata da waɗannan yatsun.

Mai shagon ne ya zo da dabara. Ya ce ya karanta cewa akwai wani tsarin haruffa da aka shirya musamman don rubutun Faransanci, wanda ya tara haruffan da aka fi bugawa a layin tsakiya, inda yatsu ke hutawa, ba sai suna ta tsalle sama da ƙasa ba. Ya sa aka canza mini shi cikin kwamfutar, ya ɗaga mini kujera da matashi, ya ce in riƙa tsayawa ina miƙe hannu. Haruffan da ke rubuce a kan maɓallan ba su canza ba, don haka kallonsu ma ruɗa ni yake. Sai na koma yadda aka koya mana tun farko, na rufe hannuwana da gyale ina laluben kowane harafi da ka.

Kai, na sha wuya. Takardar da nake gamawa kafin mutum ya gyara zama, yanzu sai ya sha shayi ya yi hamma. Amma cikin mako uku zugin ya ragu sosai, har na fara barci ba tare da na ɗaure hannu ba.

Sai ranar nan ta zo. Ranar kasuwa ce, shago cike, ga wani darakta, shugaban wata lakkol daga wajen Tabla, da tambayoyin jarrabawa shafi goma sha huɗu, yana so kafin motarsu ta tashi. Mai shagon ya tafi gaisuwar mutuwa. Ina ta ɗan ɗigi-ɗigina ƙarƙashin gyale, sai na ji wata mata a layi tana gaya wa ta kusa da ita, ba ma a ɓoye ba, wai sakatariyar ta ƙare, dubi har ɓoye hannun take. Ɗayar ta ce ko iska ce ta taɓa ta, gara a kai ta wajen masu bori tun da wuri. Ba da mugunta ta faɗa ba, har da tausayi a muryarta, kuma tausayin nan shi ya fi ƙona ni.

Raina ya ɓaci. Na yaye gyalen na jefar, na mayar da tsohon tsarin, wanda dannawa biyu kawai yake buƙata. Yatsuna kuwa ba su manta ba, suka kama gudu. Shagon ya yi tsit, aka dawo ana leƙe ta ƙofa. Na gama wa darakta, na gama wa duk wanda ke layi, ban tashi ba sai don sallar azahar. Hannun yana ta yi mini magana, ni kuma ina ce masa ya yi shiru.

Da na koma gida Inna ta ajiye mini tuwon hatsi da miyar kuka. Na kai hannu, yatsun suka ƙi rufuwa. Na sake gwadawa, tuwon ya zame ya faɗi a tabarma. Tsoro ya kama ni, na fashe da kuka a gaban 'ya'yana. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta wanke hannunta, ta matso, ta yanki loma ta kai mini baki, ni mai shekara talatin da takwas.

"Ɗiyata," ta ce, "su waɗanda kika yi wa gudun, wa zai zo ya ba ki tuwo cikinsu?"

Kwana goma sha biyu ban taɓa kilabiye ba. Na ɗauka aikin ya tafi. Da na je na gaya wa mai shagon abin da na yi, sai ya ce laifinsa ne da ya bar ni ni kaɗai ranar kasuwa. Ya je da kansa ya mayar da sabon tsarin, ya ɗauko gyalena da ya adana a aljihun tebur ya miƙo mini. Daga ranar, duk mai gaggawa shi yake tararsa a ƙofa, ya ce masa: "In kana sauri, ka dawo gobe. Hannu ɗaya muke da shi a shagon nan."

Sai da na yi wata biyar kafin saurina ya dawo, kuma bai kai na da ba. Ƙarar ma ta ragu, don yatsun ba sa yawo, babu mai tsayawa kallo a ƙofa yanzu. Amma ina nan ina aiki, ciwon sai jefi-jefi. Abin da na koya shi ne, in mutum ya kama hanyar da za ta cece shi, to ya haƙura da kunyar zama ɗan koyo a gaban mutane, don masu kallo watsewa suke da yamma. Inna ta tsufa sosai yanzu, hannunta na rawa. Ni nake ba ta tuwo a baki, da hannun nan na dama.