Masaukin masu jinya a layinmu

Jiya a ƙofar gidan mai unguwa, maƙwabcinmu Alhaji Sabo har da buga ƙafa. Wai ba za a mai da wani gida a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi masaukin masu jinya ba, bayin Allah da ke kwana a gindin bishiya a bakin asibiti.

"Dokar gini ta hana! Nan unguwar iyali ce!"

Kansilanmu da ke wurin ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Gobe zan turo ma'aikata su auna kowane gida."

Ga shi kuwa a layinmu babu wanda bai taka dokar ginin ba. Kowa ya fasa zaurensa ya yi shago, na Alhaji har kan kwata ya hau.

Alhaji ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, baƙo ai rahama ne. Yaushe za su tare?"

Jama'a, a layinku wa zai yarda a zo awo?