Baba Mu-je, Masinjan Kotunmu

Da sanyin safiya, ko ana yayyafi, za ka tarar ya jingine kekensa a bakin ƙofar kotu yana goge bencin masu jira da tsumma. Masinja ne. Sunansa na yanka ban sani ba, kowa Baba Mu-je yake ce masa.

Ginin nan, wanda bai saba ba sai kansa ya juya. Kotu a ƙasa, ofisoshin ƙaramar hukuma a sama, ofishin filaye a baya, kuma duk ƙofofin fenti iri ɗaya. Ka tambayi wani, sai ya nuna maka da baki. Shi kuwa Baba tashi yake yi.

Na san shi ne a daminar da aka tsare yayana kan faɗan iyakar gona. Kogi ne ya raba ƙaramar hukumarmu da ta maƙwabta, to sai ambaliya ta sa kogin ya sake hanya, ya bar gonarmu a tsallake. Magatakardan kotunmu ya ce shari'ar ta can ce. Na je can, suka ce a taswira mu 'yan nan ne. Yayana na kulle, ciyawa na cinye shuka, innarmu ta daina cin abinci.

Na dawo kotunmu, ina zaune a benci na rasa abin yi, sai Baba ya dafa ni.

"Kai ne wanda kogi ya yi wa ƙaura?"

"Ni ne, Baba. Don Allah, mu 'yan ina ne?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi, ɗana, ni ma ban sani ba. Amma mu je."

Muka hau sama, aka ce ana taro. Muka zaga ofishin filaye, mai taswira ya ce shi kogin takarda ya sani, kuma nasa bai motsa ba. Baba ya goya ni a keke har kotun tsallake, ya zauna gaban magatakardansu ya cire takalmi.

"Ranka ya daɗe, ni da wannan yaro mun zama baƙinka. In kwana ne, a ba mu tabarma. Ko kuwa ka kira abokin aikinka na kotunmu ku raba gardama."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauki waya. Me suka tattauna, ban gane ba. Washegari dai alƙalinmu ya ba da belin yayana, muka ceto abin da ya ragu a gona. Har yau ba wanda ya faɗa mana ko mu 'yan ina ne.

Baba, kai ne ba ka jin kunyar cewa ba ka sani ba, kuma ba ka barin mutum shi kaɗai da rashin saninsa. Mai sharar kotu ta ce har kurma ta ga ka raka. Allah Ya saka maka, Ya ba ƙafafun nan hutu. Masu nuni da baki, ku riƙa tashi mana.

Jiya na je kotu in yi wa Baba godiya, aka ce ya yi ritaya tun makon jiya. Ina tsaye, wata tsohuwa ta ja rigata.

"Ɗan nan, ina ake shari'ar gado?"

Na dubi ƙofofin. Na ce, "Ni ma ban sani ba, Inna. Amma mu je."

Da muka samu ɗakin, ta shige abinta, ko waiwayowa ba ta yi ba.