Malam Sajo, Wanda Ya Miƙo Mini Wuyansa

Ranar Alhamis, 14 ga Agusta, 2025, ina tsakar shanya wanki kafin hadari ya haɗo, ɗanka Jamaluddeen ya kira ni ya ce ka rasu da hantsi a gidanka na Kafanchan, har an kai ka makwancinka. Malam Sajo mai aski, ni Afiniki matar Yafet ce nake rubuta maka wannan. Ka san halina, ba na karɓar magana yadda aka ba ni ita sai na juya ta na ga bayanta. Yau ma da sauran tuhuma nake maka ban kwana.

Tun mijina yana aikin reluwe kai kake masa aski. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya ɗauke masa hannun dama da yawancin maganarsa, sai ka mayar da askin gida. Kowace Asabar za ka zo da zabirarka, ka gyara masa fuska don ya shiga sujada ranar Lahadi da mutuncinsa. Yafet ba ya yarda a gan shi da gemu buzu-buzu. In ba a yi masa aski ba, ba coci, ba baƙi, ko abinci sai da lallashi. Injin aski kuwa ƙuraje yake fito masa da su, kuma ban da hannunka ba hannun da yake ɗaga wa haɓa.

Ko a shekarun da gari ya rikice, aka daina tsallaka unguwanni, ba ka fasa zuwa ba. Ƙanen mijina Kambai yakan tsaya a kanku ya harɗe hannu, idonsa a kan askar, wai Bafulatani da ƙarfe a maƙogwaron yayansa. Kai kuwa sai ka ce masa ya matso ya riƙe maka kwanon kumfa, tunda ya rasa aikin yi.

Shi ya sa da ka ce mini bana, bayan Ista, "Maman Tamar, zo ki koyi askin nan," gabana ya faɗi. Mutumin da rikici bai hana shi zuwa ba, me zai sa ya nemi magaji yanzu? Ka ce babur ɗinka ne ya tsufa. Ban yarda ba, don da idona na gan shi yana gudu lafiya lau a hanyar kasuwa. Na tsare Kambai ko shi ya faɗa maka wata magana, ya rantse da Littafi. Na zargi 'ya'yanka da hana ka shigowa unguwarmu. Har dattawan ikilisiyarmu sai da na bi su da kallo.

A bayan ƙwarya ka fara da ni. Ka shafe ta da sabulu, ka ba ni askar zamani wadda ake sa wa rabin reza, ka ce in kwashe kumfar ba tare da na karce ƙwaryar ba. Na ɓata ƙorai har na ji kunya. Ka koya mini in kwantar da askar, kada in tsayar da ita, in ja fata da yatsun hagu, in bi gashi ta inda ya kwanta, kada in danna. "Askar ta san aikinta," in ji ka, "ke dai ki raka ta."

Da na matsa kusa da Yafet da ita, sai ya kawar da kai ya runtse ido. Shekara da shekaru muna tare, amma mijina bai amince da hannuna ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Sai ka cire hularka, ka zauna a gabansa, ka ɗaga haɓa ka ce in fara da kai yana kallo. Na yi kunci, na yi haɓa, na yanke ka kaɗan a gefen baki, ko motsi ba ka yi ba. Da na gangara wuya na ja fatar, yatsuna suka taɓa wani ƙulli mai tauri a ƙarƙashin muƙamuƙinka na hagu, wanda gemu ya rufe. Na tsaya. Ka ce haƙori ne. Malam, na yi renon 'ya'ya, na yi jinyar miji, na san kumburin haƙori. Na ce mu je asibiti, ka ce ka riga ka je, in ƙarasa aikina kumfa tana bushewa.

Da na je gaisuwa ranar Juma'a, matarka Inna Yelwa ta ce mini tun kafin azumi likita ya gaya maka gaskiya, ka hana a faɗa wa kowa. To ga tuhumata, kuma ba zan janye ta ba. Babur ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ka lissafa Asabar ɗin da za su zo ba ka nan, shi ya sa ka kama ni da koyo.

Ban gaya wa Yafet ba sai ranar Asabar, don ba a yi wa mai kuka aski. Na dafa ruwa, na haɗa kumfa, na sa sabuwar reza. Ya dubi ƙofa ya daɗe, sannan ya dube ni. Da kansa ya ɗaga haɓa. Na gama tsaf ban yanke shi ba, na goge masa fuska, na buɗe baki zan yi magana. Sai ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ya tattaro kalmomin da ƙyar: "Sajo ya tafi, ko?" Na ce ya tafi.

Allah ya jiƙanka, Malam Sajo, ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ubangiji ya ba Inna Yelwa da 'ya'yanka Jamaluddeen da Mufida da dukan dangi haƙurin wannan rashi. Ku karɓi ta'aziyyar gidan Yafet. Jiya Lahadi abokinka ya shiga sujada da fuskarsa fes, ya kuma sa aka yi wa iyalinka addu'a a gaban jama'a, kuma Kambai ne ya tashi ya faɗi sunanka.