Turken Siminti a Tsakiyar Gonar Baba

A shekarun nan da hatsi ya yi tsadar da magidanta suka koma awo da gwangwani, ni ɗalibin ilimin ƙasa ne a jami'a, yajin aikin malamai ya zaunar da ni a ƙauyenmu, can gefen Ɗambatta. Ba ni da yawan magana. Kullum ina gindin darbejiya da littafi, har Baba da 'yan uwana suna tsokanata da Farfesa.

A wajenmu gona manne take da gona, layin gamba ne kawai iyaka. Da an kwashe amfani kuwa fili ya zama na kowa, makiyayi ya bi, mai keke ya ratsa, ba mai tambayar wani. Maza sun tafi cin rani, har da Baba da ke dako a Kano. Wannan lokacin masu safiyo, wato masu awon ƙasa, suka zaɓa, suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku. Baffa, yayan Baba, shi ya kawo su. Ya ce wani kamfani ne zai ɗebi marmara a kwazazzabon da ruwa ya cinye a ƙarshen gonarsa, wurin da ko akuya ba ta kiwo, kuma ya ba su izini. Ya ce in raka su tunda na iya yarensu.

Ina tsaye suka kafa turken siminti a tsakiyar gonar Baba, nesa da kwazazzabon. Na san ma'anarsa, don na karanta. Taswirar lasisin haƙar ma'adinai ba ruwanta da gamba, murabba'i ake yankawa, kuma doka ta ce duk wanda gonarsa ta faɗa ciki sai an nemi yardarsa kafin a sa hannu. Da ƙyar na buɗe baki na tambayi babbansu. Ya kwashe da dariya ya ce alama ce kawai, wai ɗan makaranta zai koya wa injiniya aiki. Baffa ya harare ni, ya tambaye ni tun yaushe na isa tsoma baki a maganar gonar gado yana tsaye. Na sunkuyar da kai. Ko Baba ban kira ba, don kada a ce na haɗa shi da yayansa.

Da Baba ya dawo, Baffa ya ce masa turken na gwamnati ne, sai Baba ya ci gaba da noma yana kewaye shi. Wata damina, gero ya kai gwiwa, muka wayi gari da katafila da tifofi a ciki. Ni da Baba muka bi sawu har ofishin da ya tabbatar da taswirar. Jami'in ya ce mai gona, wato Baffa a takardarsu, ya yarda, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, kuma lokacin ƙorafi ya wuce. Na tambaye shi ko wani ya taka ƙafa ya duba wurin kafin a buga hatimi. Ko kunya babu ya ce ofishinsu ba shi da man mota! Gonar da kakanmu ya zuba wa taki shekara da shekaru aka bayar daga kan kujera. Sannan jami'in ya tambaye mu ina muke ranar da aka kafa turken. Baba ya ce yana Kano, ba kowa a gida sai wannan yaron. Sai Baban ya juyo ya dube ni, na kasa ɗaga ido.

Yanzu wurin kududdufi ne, Baba kuma ƙwadago yake yi a gonakin mutane. Ban yafe wa masu safiyon ba, ban yafe wa jami'in ba, Baffa kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Amma ni ne na sani na yi shiru, na ɗauka tarbiyya ce. 'Yan uwa manoma, duk wanda ya ga baƙo da na'ura a gonarsa da rani, ya tsayar da shi ya tara jama'a, ko da wa ya zo. Baba bai taɓa yi mini maganar ba. Sai dai tun ranar, Farfesan da yakan kira ni da shi cikin wasa bai sake fita daga bakinsa ba.