Sunan Mutumin Jirgi

A shekarun da ake faɗaɗa Harami muna zaune a unguwar Nakkasa ta Makka, a wani ɗakin kwano da katako can saman dutse. Maigidana yana dakon duwatsu a wurin ginin, ni kuma ina toya ƙosai in sauka da shi titin Mansur in sayar. Takardar zama ba mu da ita. In aka ce askar, 'yan sandan garin, sun shigo unguwa sai kowa ya yi tsit, don wanda suka kama jirgi za a sa shi a mayar da shi gida. A ɗakin nan na haifi ɗa namiji, na uku. Biyun farko suna kwance a ƙasar Makka, babu wanda ya kai yaye.

Da ungozoma ta ce namiji ne, na san maganar da za ta taso.

Ga asalinta. Tun kafin mu ƙetare teku, maigida ya yi aikin lodi a Bur Sudan. Ran nan igiya ta tsinke, buhuna suka danne shi a ramin jirgi. Mutane suka tsaya suna salati, sai wani Bature ma'aikacin jirgin ya sauka ya janyo shi, har shi ma ya karye a hannu. Suka shaƙu, suna hira da ɗan Larabcin bakin ruwa. Ya ce shi ba Ingilishi ba ne, mutumin Wales ne, ƙasar tuddai da tumaki da yawan ruwan sama, kuma yarensu daban. Maigida ya tambayi sunansa, ya dafa ƙirji, ya rantse da Allah in ya sami ɗa namiji sunan nan zai sa masa.

Da aka haifi na farko ya kasa. Ya tambayi malamai, aka ce ya yi kaffara, ya yi. Yaro ya koma. Na biyu ma ya koma. Malamai suka ce kwana ne ya ƙare, mu ma haka muke faɗa da baki, amma zuciya ba ta kwanta ba.

Ana saura kwana biyu suna maigida ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko zauna ba.

"Wannan karon sunan zan faɗa," in ji shi.

"A gaban liman, Malam?"

"A gaban kowa."

Na ce, "Mai sunan da kansa bai isa ya tako garin nan ba, a hanyar Jidda za a tare shi. Kai kuma ka ɗauko sunansa ka kawo gindin Ka'aba? Kafin azahar magana ta kai kunnen umda mai unguwa, a zo a tambaye mu takarda."

Ya ce, "In aka kore mu, da ɗanmu za mu tafi. In na sake yin shiru, ke kin san inda zan kai shi."

Ya fita. Na dubi jaririn yana barci, bakinsa na motsi. Ta nan kora, ta can kabari. Nono ma sai ya ƙi zuwa.

Ungozomar wata tsohuwa ce 'yar Damagaram, da ƙafa ta zo Makka, Inna muke ce mata. Tana yi mini wankan jego ta ga ina rawar jiki, alhali ruwan har tururi yake. Na gaya mata komai. Ta ci gaba da fyaɗa mini ganye, can ta ce, "Ke 'yar nan, in aka sa masa sunan mahaifin mijinki, bakinki zai iya faɗa?"

"Sunan surukina, Inna? Allah ya kiyaye."

"To da me za ki riƙa kiransa?"

Ta sake tsoma ganyen a ruwa, ta ƙara da cewa:

"Akwai wanda ya taɓa tsare uwa ya tambaye ta inda ta samo sunan da take sakaya ɗanta da shi?"

Da yamma ta tare maigida. Ya ce sunan da ba a yanka wa rago ba ai ba suna ba ne. Ta ce, "Ɗan nan, ka rantse za ka sa, ko ka rantse za ka yi shela? Kai ka raɗa masa a kunne, ita ta kira shi da shi safe da yamma. Wanne ya fi zama suna, na liman na rana ɗaya ko na uwa?" Ya juya ya tafi.

Safiyar suna ina bayan labule, maza suna kan tabarma a waje. Maigida ya shigo ya karɓi yaron, ya sunkuya a kunnensa, ya daɗe, ya miƙo mini shi bai dube ni ba. Na ji liman ya ce, "Me aka sa wa yaro?" Na ji kukan rago, na ji wani ya yi tari. Na ƙanƙame jaririn har ya farka. Sai na ji muryar maigida, ya faɗi sunan mahaifinsa. Aka shafa fatiha.

Ni kuwa na koyi ɗayan, mai nauyin harshe, ina kiransa ƙasa-ƙasa a cikin ɗaki. Mata suka ji suka tambaya, na ce na ƙauyenmu ne.

Yaro ya yi zama, ya yi rarrafe, ya fara tafiya. Wata rana da hantsi aka ce askar sun hawo. Na laɓe bayan ƙofa, sai na ga ba ya ɗaki. Ta kafar kwano na hango shi yana tatata zuwa bakin gangare, ga askar biyu a kan hanya. Sunan yanka bai san shi a bakina ba, ba zai waiwayo ba. Na buɗe ƙofa na kwaɗa masa kira da sunan mutumin jirgi, duk dutsen ya amsa.

Yaro ya tsaya, ya juyo. Askar ma suka juyo. Ɗaya ya dube ni, ya maimaita sunan a karkace, ya ce wa ɗan'uwansa, "Takari da sunayensu." Takari suke kiran irinmu, baƙin Afirka. Suka yi dariya suka wuce, ashe maza suke nema.

Na ɗauke shi, na zauna da shi a ƙasa. A watan nan na yaye shi.

Yau yana da furfura da jikoki, har yanzu da sunan nake kiransa. Amma a takarda ba zan bari a sa shi ba.