Gefen Idon Inna

Jiya tunkiyar maƙwabcina ta wuni tana kuka, irin kukan wadda ta haihu ba ta ga ɗa ba. Ina cikin tankaɗe na ajiye rariyar. Na san kukan nan tun ina 'yar shekara tara a gidanmu na Rurum Tsohon Gari, kuma duk sanda na ji shi Baffa nake tunawa, yayan mahaifinmu. Ba da alheri nake tuna shi ba, gara in faɗa muku tun yanzu.

Shekarar an yi marka kamar ba za a ɗauke ba. Kududdufin bayan gida ya tumbatsa, sauro kuwa ko da rana tsaka ba ya jin kunya. Innarmu 'yar wata ruga ce ta wajen Kibiya, cikin dabbobi ta tashi, Allah kuma ya ba ta hannu: in haihuwa ta gardama wa akuya ko tunkiya, ita ake kira. Baffa bai taɓa ƙaunarta ba, 'yar daji yake ce mata. Amma ranar da ya matsu bai ɓata hanyar sashenmu ba.

Da hantsi ya zo, wai tunkiyarsa ta kasa haihuwa. Na bi Inna da ƙwaryar ruwa. A bakin garke ta tsaya, don a rugarsu an san in ɓari ya faɗa wa dabbobi da yawa lokaci guda, ba a sa hannu.

"Yaya, ita kaɗai ce, ko wasu ma sun yi ɓari?"

"Ita kaɗai ce," in ji shi.

Ta zura hannu har gwiwa, ta zaro ɗan a mace, jini da ruwa duk a zaninta. Da na zagaya bayan rumbu zubar da ruwan ƙwaryar, sai ga ramuka jere, ƙasarsu ɗanya, ƙudaje na ta bi. Ashe kwana da kwanaki yana binne 'ya'yan tumaki a ɓoye, don kada a ce garkensa ya kamu a hana shi kiwo da na mutane.

Bayan kwana huɗu Inna ta kwanta. Zazzaɓi ya rufe ta rigis, ga kai kamar zai tsage, ga baya da gaɓoɓi ba sa taɓuwa. Ko haske ya shigo ta ƙofa sai ta yi ƙara. Ta yi ta amai, idanunta suka yi ruwan ɗorawa, haɓo ya ɓalle mata har muka jiƙa tsummoki. Da kyar ta tashi. Muna murna, sai wata safiya ta dube ni ta ce, "Matso, wani baƙin abu ya tare min fuskarki." Baƙin abin nan bai sake gushewa ba. Tsakiyar ganinta ya tafi, gefe ne kawai ya rage, in za ta ga mutum sai ta kau da kai ta hango shi ta wutsiyar ido.

Baffa ko sannu. Shi ne ma ya bi gari yana cewa ita ta kwaso annobar daga rugar danginta ta kashe masa tumaki. Na faɗi zancen ramuka, aka ce in rufe baki, yarinya ba ta ƙaryata babba. Mahaifinmu ba ya iya haɗa ido da yayansa, sai ya kwashe mu muka koma Rano. Na rufe bakin, amma ban rufe zuciyata ba.

Sai bayan shekara talatin Baffa ya tako gidanmu, a bayan babur, ya rame, kunne ya yi nauyi. Ni na yi masa iso. Ya durƙusa gaban Inna, ya ce ta yafe masa don Allah. Inna ta kau da kai gefe don ta samu ta ga fuskarsa, ta ce a hankali, "Na yafe, Yaya, tun tuni."

Bai ji ba. Ƙeyar da aka juya masa kawai ya gani. Ya ɗago ya tambaye ni, "Me ta ce?"

Na ce, "Baffa, ai ka gani da idonka."

Ya miƙe yana hawaye. Inna ta ce in bi shi in ɗaga murya in gaya masa ta yafe. Na bi shi har zaure, na tsaya ina kallo mai babur ya ja shi. Damina ba ta zagayo ba ya rasu.

Yanzu zamani ya sauya. A rediyo ma ana gargaɗi, in dabba ta yi ɓari a kira likitan dabbobi, kada a taɓa da hannu tsirara. Yara sun san sunan ciwon da mu ba mu sani ba. Ana cewa rama cuta ga macuci ibada ne, malamai kuma suna cewa yafiya ta fi, na san su ke da gaskiya. Inna tana nan da ranta, takan ce ta gode Allah da Baffa ya tafi da yafiyarta. Duk sanda ta faɗa sai ta karkato kai ta neme ni ta gefen ido, ni kuma in matsa in tsaya saitin gabanta, inda ba za ta ga fuskata ba.