Agogon da Ke Komawa Baya

Tun tana ƙarama ake kiranta Wutsil-wutsil, don ba ta iya cinye kwano ɗaya a zaune. Ta girma, ta karanci kwamfuta, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai haɗa injinan ƙyanƙyasar ƙwai, sunan bai sake ta ba.

Ita ke kula da manhajar da ke can ƙasan komai, wadda ke karanta agogon da ke jikin injin. Shekara huɗu lafiya lau. Sai wani mai kiwon kaji ya bugo waya: injinsa kan daina juya ƙwai, ya yi tsit har awa guda, sannan ya ci gaba kamar ba shi ba. Ya riga ya yi asarar tiren ƙwai shida.

Ta jera injina uku a kan tebur, ta zuba musu ido. Matsalar kuwa ba ta zuwa sai an jira, jira kuma shi ne abin da ba ta iya ba. Ta zaga ɗaki, ta goge taga, ta dafa shayi ta manta da shi, ta sake zagayawa.

"Injiniya, ki zauna mana, jiri kike sa ni," in ji manaja.

"Yallaɓai, in na zauna kaina tsayawa yake."

A sati na uku, da hantsi, injin tsakiya ya yi tsit. Ta buɗe bayanan da yake ajiyewa, ta ga lokaci ya ja da baya awa guda cur, injin kuma ya tsaya yana jiran lokacin juya ƙwai ya sake cika. Ashe agogon kashi biyu ne, na awa da na minti, manhajar kuma ɗaya bayan ɗaya take karanta su.

Da ta koma gida ta yi wa mijinta bayani a tsaye, jaka a kafaɗa.

"Ka duba awa, ka ga biyu. Kafin ka duba minti, uku ta buga, minti ya koma sifili. Sai ka ce ƙarfe biyu daidai."

"To, ki sake duba awar mana."

"Abin da na yi ke nan. Layi uku kacal na ƙara a manhajar."

Ita da kanta ta je gonar ta saka gyaran. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba, kowace Litinin sai ta kira mai gonar. A kira na tara mai kajin ya ce, "Ƙanwata, 'yan tsaki sun fito, har sun fara faɗa. Ki huta."

Ta yi godiya, ta ajiye waya, ta tashi ta leƙa injin tsakiya.